Alhaji Mamman Shata, Ɗalibin Dandali

An haifi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne, mahaifinsa kuwa bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a ganinsa waƙa roƙo ce. Saboda haka Mamman bai gaji waƙa ba, babu kuma wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

To, a ina ya koya? A dandali. A wancan zamani, idan dare ya yi farin wata ya fito, samari da 'yan mata sukan taru su yi wasa. Wata ta ba da waƙa, sauran su amsa suna tafi. Cikin wasan nan yaro yakan san lokacin shiga da lokacin tsayawa, ba tare da ya san karatu yake yi ba. Mamman yana tallan goro, yana saurare, har shi ma ya fara jefa tasa.

Kalangu ya zama abokin tafiyarsa. Makaɗi yakan saƙale shi a hammata. In ya matse igiyoyinsa sai murya ta hau, in ya sassauta sai ta sauka, kamar yadda harshen Hausa yake hawa da sauka. Shata ya horar da kunnensa ga wannan, har ya zamana yana ƙaga waƙa nan take a gaban taro, makaɗa da 'yan amshi suna bin sa.

Ya zauna a Bakori, daga nan ya koma Funtuwa, inda ya kafa gida ya daɗe. Ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya yi wa manoma da direbobi. Rediyo ya kai muryarsa ko'ina cikin ƙasar Hausa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi jana'izarsa a Daura.

Yara, kada ku raina wasan tafi da amshi. Wanda ya iya saurare da kyau, ya riga ya ɗauki darasin farko na kiɗa.