Tukaram: ɗan kasuwar Indiya da ya zuba takardun bashi a kogi

A yau mun ƙetara teku zuwa ƙasar Indiya, domin mu kawo maku labarin Tukaram, mutumin da mabiya addinin Hindu ke lissafawa cikin manyan masu ƙaunar ubangiji da miƙa wuya gare shi. Dalilin zaɓo shi kuwa, shi ne asalinsa ɗan kasuwa ne kamarku. Ya san awo, ya san riba, ya kuma ɗanɗani zafin bashi. Karyewar jari ce ma ta sauya masa rayuwa, har ga shi ana rera waƙoƙinsa shekaru fiye da 370 bayan rabuwarsa da duniya.

Asalinsa

An haifi Tukaram wajajen shekarar 1608 a Dehu, wani ƙaramin gari a bakin kogin Indrayani, kusa da birnin Puna, cikin yankin da a yau ake kira jihar Maharashtara, wadda Mumbai ne babban birninta. Sunan mahaifinsa Bolhoba, mahaifiyarsa kuma Kanakai. Gidansu gidan rufin asiri ne, suna da gona, suna da kanti, suna ba da rance, kuma su ne ke riƙe da sarautar mahajan ta garin, wato kamar a ce sarkin kasuwa. Sai dai a tsarin Hindu na wancan zamani, inda haihuwa ke yanke wa mutum matsayi, danginsa na Kunbi manoma ne da ake sa su a sahun ƙasa, nesa da Baramanawa masu riƙe da ilimin addini.

Tun kaka da kakanni gidan na bauta wa Bitoba, wanda kuma ake kira Bittal. Mabiyansa na ɗaukarsa a matsayin wata siffa ta Kirishna, kuma babban ɗakin bautarsa na garin Pandarpur, inda aka sassaƙa shi tsaye a kan tubali, hannuwansa a ƙugu.

Da yake wansa Sabaji ba ya son sha'anin duniya, tun Tukaram na yaro aka ɗora masa nauyin kasuwancin gida, abin kuma ya yi ta tafiya daidai. Aka yi masa aure da Rakumabai, to da yake tana fama da ciwon asma, sai aka ƙara masa ta biyu, Jijabai, ɗiyar wani mai hali daga Puna.

Shekarun yunwa

Kafin ya cika shekara 20, uwa da uba duk suka rasu. Matar wansa ma ta rasu, wan nasa ya bar gida ya shiga yawon ibada. Ana cikin haka sai ga babbar yunwar da ta afka wa yankin Dekan da Gujarat daga 1630 zuwa 1632, a zamanin sarki Shah Jahan. Damina ta ƙi, ga yaƙe-yaƙe, miliyoyin mutane suka halaka.

Kowane ɗan kasuwa ya san yadda abin yake idan abokan ciniki suka talauce. Waɗanda Tukaram ke bi bashi ba su da abin biya, waɗanda ke bin sa kuma suka tsaya masa a ƙofa. Shanu suka mutu, kanti ya rufe, mutuncin da gidan ke da shi a gari ya zube. Mafi ciwo duka, uwargidansa Rakumabai ta mutu saboda yunwa, ɗansu Santu ma ya bi ta. Shi da kansa ya ba da labarin wannan hali a cikin waƙoƙinsa, bai ɓoye kunyar da ta rufe shi ba ta mutumin da jiya ake zuwa rance wurinsa, yau ya kasa ciyar da matarsa.

Daga nan ya fara ƙaurace wa mutane yana hawa duwatsun Bamchandra da Bandara da ke kusa da garin, yana kaɗaita, yana nazarin rubuce-rubucen magabata irin su Gyaneshwar da Namdeb da Eknat. Haka kuma ya gyara ɗakin bautar Bitoba na gidansu wanda ya riga ya rushe.

Ranar da ya raba takardu

Yawancin labaran da ake bayarwa game da shi sun fito ne daga wani marubuci mai suna Mahipati, wanda ya tattara tarihinsa a 1774, fiye da shekara 100 bayan wucewarsa. A cikinsu akwai wanda ya fi shahara. Bayan ya sauko daga dutse, Tukaram ya ɗauko takardun bashin da mahaifinsu ya bari, waɗanda ke nuna kuɗin da gidan ke bin jama'a, ya raba su biyu. Ya miƙa wa ƙanensa Kanhoba rabonsa, domin ba shi da ikon yafe haƙƙin wani. Nasa rabon kuwa ya zuba shi cikin kogin Indrayani. Da wannan ya ƴanta talakawan da ke ƙarƙashin bashinsa, ya kuma yanke igiyar ƙarshe da za ta iya mayar da shi attajiri.

Mahipati ya kuma ruwaito cewa ya sake gwada fatauci. Ya kai barkono yankin Konkan na bakin teku, mutane suka ɗiba ba su biya ba, ɗan abin da ya samu kuma wani macuci ya karɓe ya ba shi zinariyar bogi. Wani karon Jijabai ta samo masa jari, ya yi safarar gishiri da mazarƙwaila, ya ci riba, amma a hanyar dawowa ya tarar da wani da masu bin bashi suka ritsa, ya juye masa uwa da riba, ya iso gida hannu rabbana.

Mene ne wannan miƙa wuya?

Hanyar da Tukaram ya bi ita ake kira bakti a addinin Hindu, ma'ana neman kusanci da ubangiji ta ƙauna da yawan ambaton sunansa, maimakon dogaro da hadayu da zurfin karatu. Ƙololuwarta kuma ita ce sharanagati, wato mutum ya sallama kansa ɗungurungum, ya daina jingina da dabararsa. Malaman Hindu na kudancin Indiya na bayyana ta da misalin dabbobi biyu. Ɗan biri shi ke ƙanƙame uwarsa, in ya saki ya faɗi. Ɗan kyanwa kuwa uwar ce ke ɗaukarsa da baki, nasa kawai ya saki jiki. Sun daɗe suna muhawara a kan wanne ne ya fi dacewa da bawa.

Tukaram ya zuba wannan aƙida cikin gajerun waƙoƙi da ake kira abang, cikin harshen Marati da talaka ke ji, kuma yakan rufe su da ambaton sunansa, Tuka. A ciki yakan kira Bitoba uwa, ya ɗauki kansa jariri. Wani lokaci ya yi masa kuka, wani lokaci ya yi masa ƙorafi kamar mai bin bashi, domin harshen kasuwa bai taɓa barin bakinsa ba: jari, awo, jingina da lissafi duk suna cikin waƙoƙin. Har ma ya nuna cewa karyewar da ya yi alheri ce gare shi, tunda ita ta raba shi da girman kai.

Duk da haka bai yi kira ga jama'a su watsar da sana'a su shiga daji ba. Shi kansa bai saki iyalinsa ba. Koyarwarsa ita ce a nemi dukiya ta hanya mai tsabta, a kashe ta ba tare da ta mallake zuciya ba, kuma mutumin kirki na gaskiya shi ne mai jawo wahalalle a jika. Ya yi kaca-kaca da masu shigar malanta don neman abin duniya, da masu taƙama da asali.

Rikici da masu ilimi

Wannan ya jawo masa fushin wasu Baramanawa, waɗanda ke ganin ɗan Kunbi ba shi da hurumin koyar da addini, balle cikin harshen gida maimakon Sanskirit. An ruwaito cewa wani malami mai suna Rameshwar Bat ya tilasta masa jefa littattafan waƙoƙinsa cikin kogin nan dai na Indrayani. Tukaram ya zauna a kan wani dutse a bakin ruwa kwana 13 ba ci ba sha. Mabiyansa sun yi imani cewa a ƙarshe littattafan sun taso ba su lalace ba, kuma Rameshwar ya dawo ya zama almajirinsa. Cikin almajiransa har da Bahinabai, mace Baramaniya wadda ita ma mawaƙiya ce. An kuma ce Shibaji, wanda daga baya ya kafa daular Marata, ya aika masa da kyaututtuka masu tsada, ya mayar da su.

Wadda ta ɗauki nauyin

Adalci ne a tuna da Jijabai. Masu ba da labari sun fi nuna ta a matsayin mace mai faɗa, amma ita aka bari da ƴaƴa 6, maza 3 mata 3, da rumbu babu hatsi. An ce wata rana aka ba shi damin rake, ya rarraba wa yaran gari a hanya, ya iso gida da kara ɗaya tak. Don takaici ta maka masa shi a baya har ya karye biyu, shi kuwa ya yi murmushi ya ɗauki abin a matsayin rabo, guntu nata guntu nasa. Labarin na ba da dariya, amma duk wadda ta taɓa jiran cefane ta san abin da ke ranta. Kuma ita ce dai ke hawa dutse da abinci a ka tana nemansa don kada ya kwana da yunwa.

Ƙarshensa da abin da ya bari

Wajajen 1650 Tukaram ya ɓace daga Dehu yana da shekara 40 da ƴan kai, ba a kuma ga gawarsa ba. Mabiyansa sun yi imani cewa an ɗauke shi da jikinsa zuwa Baikunta, mazaunin Bishnu a aƙidarsu, kuma duk shekara suna taruwa a Dehu don tunawa da ranar.

Waƙoƙin da aka tattara da sunansa sun haura 4,000. A 1685 autansa Narayan ya fara al'adar ɗaukar takalman mahaifinsa cikin wani akwati na alfarma zuwa Pandarpur. Har gobe, a watan Yuni ko Yuli na kowace shekara, dubban ɗaruruwan mabiya ɗariƙar Warkari, galibinsu manoma da ƙananan ƴan kasuwa, na taka wannan hanya ta fiye da kilomita 200 a ƙafa, kusan mako 3, suna rera waƙoƙinsa. Mahatma Gandi ya fassara wasu daga ciki zuwa Turanci lokacin da yake tsare a gidan yarin Yerawada a 1930. Masu sha'awar finafinan Indiya kuma za su so su san cewa fim ɗin Sant Tukaram na 1936 ya samu lambar yabo a bikin finafinai na birnin Benis a ƙasar Italiya a 1937. A 2002 gwamnatin Indiya ta buga kwabo mai ɗauke da hotonsa, shi da ya ƙi karɓar dukiyar sarki.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu ɗan kasuwar da ya fi ƙarfin faɗuwa. Wani in ya faɗi sai ya matsa wa na ƙasa da shi don ya tashi. Tukaram da ya faɗi, na ƙasa da shi ya fara sauke wa kaya, bai kuma taɓa rabon ƙanensa ba. Ko hakan ya dace da mai iyali, wannan mun bar maku ku tattauna a rumfunanku, kuma kada a manta da Jijabai a cikin hirar.