Musa bin Maimun: Malamin Yahudawan Fustat da ya yi wa fadar Salahuddin likitanci

A tsohuwar Alƙahira, a unguwar da ake kira Fustat, akwai wata majami'ar Yahudawa mai suna Ben Ezra. Shekaru aru-aru mutanen wurin suna zuba duk takardar da suka gama amfani da ita a wani ɗaki da ke saman ginin, domin al'adarsu ta hana a jefar da rubutun da ke iya ɗauke da sunan Allah a bola. A 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kwashe guntayen takardu kusan 190,000 daga ɗakin ya kai su jami'ar Kambirij a Ingila. Cikinsu aka tsinci fatawoyi, wasiƙu, zayyanar littattafai har da rasiɗin karɓar kuɗi, duk da rubutun hannun mutum ɗaya: Musa bin Maimun, wanda Yahudawa ke kira Rambam, masu jin Faransanci kuma suka sani da Maïmonide.

An haife shi a Kurɗuba ta Andalus a 1138, ko da yake wasu tsofaffin littattafai sun ce 1135. Mahaifinsa Maimun alƙali ne a kotun Yahudawan garin, kuma a wurinsa yaron ya fara karatun Attaura da Talmud. Yana da kimanin shekara goma, a 1148, daular Muwahhidun ta ci garin. Sababbin masu mulkin sun soke amanar da Yahudawa da Kirista suka daɗe suna zaune a ƙarƙashinta, aka bar su da zaɓin sauya addini, ko gudu, ko mutuwa. Iyalin Maimun suka shiga yawo na shekaru, har suka sauka a Fas ta Maroko wajen 1160. A can ne Musa ya zurfafa a ilmin likitanci, lissafi da taurari, yana karanta Aristotil ta hanyar malaman Musulmi, musamman Alfarabi wanda ya girmama har ƙarshen rayuwarsa.

A 1165 suka shiga jirgin ruwa zuwa Akka, suka ziyarci Ƙudus da Halil, amma ƙasar tana hannun mayaƙan Salibiyya kuma Yahudawanta kaɗan ne, matalauta. Suka wuce Masar, suka zauna a Fustat.

Bai daɗe da sauka ba masifa ta sa aka san shi. A ƙarshen 1168 sarkin Salibiyya Amalrik ya afka wa garin Bilbais, ya karkashe mutane ya kwashe wasu bayi, cikinsu har da Yahudawa. A lokacin farashin fansar mutum uku dinari 100 ne, kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Musa ya rubuta wasiƙu zuwa garuruwan Masar da ke da Yahudawa, ya tura wakilai su karanta su a gaban jama'a su tara gudummawa, ya riƙa sa hannu a rasiɗin abin da ya shigo. Haka labari ke tafiya a wannan al'umma. Majami'a ita ce wurin ibada, ita ce kotu, ita ce makarantar yara, nan ake karanta wasiƙar da ta zo daga Iskandariyya ko Adan, nan ake sanar da wanda aka kama da wanda ya rasu, nan kuma ake raba wa matalauta burodi sau biyu a mako, a tara wa wanda ya kasa biyan jiziya.

A 1171, shekarar da Salahuddin Ayyubi ya kawo ƙarshen daular Faɗimiyya, aka ba Musa muƙamin Ra'isul Yahud, wato shugaban Yahudawan Masar a idon hukuma. Wanda ya san aikin sarkin zango zai gane nauyin: naɗa alƙalai, kula da aure da saki da gado da dukiyar waƙafi, da tsayawa tsakanin mutanensa da fada. Bai daɗe a kai ba. Akwai tsofaffin gidajen malanta da ke ganin kujerar tasu ce, baƙon Andalus kuwa shigege ne, kuma ɗaya daga cikinsu, Sar Shalom, ya karɓe ta. Sai wajen 1195 ta dawo hannunsa. Amma ko a shekarun da ba ya kan kujerar, ƙofarsa aka fi ƙwanƙwasawa da tambaya.

Abin da ya ba shi damar zama da karatu shi ne ƙanensa Dauda, ɗan kasuwa mai fataucin duwatsu masu daraja, wanda ke ciyar da gidan duka. Wasiƙar Dauda ta ƙarshe, wadda ya rubuto daga tashar Aizab a gaɓar Bahar Maliya, tana cikin takardun da aka tsinta. Daga can ya shiga jirgin Indiya, jirgin ya nutse da shi da dukiyar gidan da ta mutanen da suka ba shi amana. Ya bar mata da ƙaramar ƴa. Musa ya kwanta kusan shekara guda cikin zazzaɓi da baƙin ciki, kuma shekara takwas bayan haka ya rubuta wa wani aboki cewa har yanzu bai sami lallashi ba.

Da sauƙi ya nemi al'umma ta ɗauki nauyinsa, kamar yadda ake yi wa shugabannin makarantun Bagadaza. Ya ƙi. Tun yana matashi ya rubuta cewa bai halatta a mayar da Attaura abin neman abinci ba, kuma ya tsaya a kan haka, abin da ya ja masa ƙiyayyar malamai da yawa da ke rayuwa a kan irin wannan kuɗi. Sai ya koma likitanci. Ya zama likitan Alƙali Alfadil, wazirin Salahuddin, daga baya kuma na Al'afdal ɗan Salahuddin. Ya rubuta littattafan magani kusan goma da Larabci, a kan fuka, basur, dafi da maganinsa, da tsarin kiyaye lafiya.

Masanin tarihi Ibnul Ƙifɗi ya kawo wani labari daga wannan zamani. Ya ce wani malamin fiƙihu daga Andalus ya zo Masar ya kai ƙarar Musa, wai ya taɓa musulunta a can sannan ya koma addininsa, tuhumar da ke iya kai mutum ga takobi. Alƙali Alfadil ya kori ƙarar da hujjar cewa musuluntar dole ba ta inganta a shari'a. Masana na jayayya har yau a kan ko Musa ya taɓa yin hakan da gaske.

Karatun da ya bari ya ginu ne a kan damuwa ɗaya: mutanensa a warwatse suke, Talmud kuma teku ne da talaka ba zai iya ninƙaya a ciki ba. A 1168 ya kammala sharhinsa na Mishna da Larabci cikin haruffan Ibrananci, kamar yadda Yahudawan ƙasashen Musulmi ke rubutu, kuma a ciki ya jera ginshiƙan imani 13, farawa da samuwar Allah, kaɗaitakarsa, da cewa ba shi da jiki. Ya ƙidaya dokokin Attaura 613 a wani littafi dabam, umarni 248 da hani 365. Sannan ya shafe shekara goma a kan babban aikinsa, Mishne Tora, littattafai 14 da Ibrananci mai sauƙi, wanda ya tsara dukkan shari'ar Yahudawa babi-babi, ya gama wajen 1180. A nan ne ya jera matakan sadaka takwas, inda ya sa mafi girma shi ne a ba mutum rance, ko aiki, ko a yi tarayya da shi a sana'a, har ya daina buƙatar kowa.

Littafin ya jawo rigima. Bai ambaci inda ya samo kowane hukunci ba, kuma ya nuna cewa wanda ya karanta Attaura sannan ya karanta wannan ba ya buƙatar wani littafi a tsakani. Malamai irin su Ibrahim bin Dauda na kudancin Faransa suka ga girman kai a haka, kuma a gaskiya suna da abin faɗa, domin hukuncin da ba a ga tushensa ba yana da wuyar bincika. Shugaban makarantar Bagadaza, Sama'ila bin Ali, ya zarge shi da rashin yarda da tashin matattu, har ya tilasta masa rubuta ƙasida a kan batun a 1191. Wajen 1190 kuma ya fitar da Dalalatul Ha'irin, wanda ya rubuta wa almajirinsa Yusuf bin Yahuza, domin mai imanin da ya karanta falsafa ya rikice. Wani malamin Musulmi na ƙarni na 13, Attabrizi, ya yi sharhi a kan wani sashe nasa.

Sai dai mutumin ya fi fitowa fili a fatawoyinsa, waɗanda fiye da 400 suka rage. A Fustat akwai majami'u biyu na mabiya malamai, ta mutanen Sham da ta mutanen Iraƙi, kowace da al'adarta. Ta Iraƙawa na sauke Attaura a shekara ɗaya, ta Shamawa a kusan shekara uku. Ya so ya haɗa su a kan tsari ɗaya, bai yi nasara ba. Inda ya yi nasara shi ne a kan babbar addu'ar tsayuwa. Al'ada ita ce kowa ya yi ta a ɓoye, sannan mai jan ibada ya maimaita da ƙarfi. Musa ya lura cewa da an fara maimaitawar sai waɗanda suka riga suka yi tasu su juya su kama hira, wasu na kaki suna tofarwa, maƙwabta Musulmi kuma suna gani. Ya soke ta ɓoyen a ranakun Asabar da na idi, ya ce a yi sau ɗaya tare cikin natsuwa. Yahudawan Masar suka bi wannan tsari fiye da shekara 300.

Akwai kuma shari'ar wata mata mai koyar da yara. An aurar da ita tana ƙarama, mijin ya riƙa tafiye-tafiye yana barinta da ƴaƴa ba abinci. Ta fara taimaka wa ɗan'uwanta a makarantarsa, da ya yi tafiya ta riƙe makarantar da kanta. Mijin ya kai ƙara cewa ba ya son iyayen yara maza suna shiga wurinta, Musa ya amsa cewa doka ta ba miji ikon hana ta. Sai matar ta aiko da nata bayanin, da duk abin da mijin ya ɓoye. A wannan karon ya nuna mata ƙofar fita: ta bayyana a kotu cewa ba za ta iya zama da shi ba, ta yafe sauran sadakinta, a tilasta masa ya sake ta, daga nan ta koyar da wanda ta ga dama. Bai karya dokar ba, kuma farashin da matar za ta biya ba ƙarami ba ne, amma ya bar mata makarantarta.

Wani mai suna Obadiya, wanda ya shiga Yahudanci daga waje, ya tambaye shi ko ya halatta ya kira Ibrahim kakansa a cikin addu'a. Musa ya ce ya halatta, babu bambanci tsakaninsa da wanda aka haifa a ciki. Obadiya ya kuma kawo kukan cewa malaminsa ya ci masa mutunci don ya ce Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne. Musa ya ba ɗalibin gaskiya, ya ce tauhidin Musulmi ba shi da aibu, ya kuma ce malamin ya nemi gafararsa. Wannan hukunci ya fito ne daga mutumin da bai manta abin da ya kore shi daga Kurɗuba ba. A wasiƙar da ya aika wa Yahudawan Yaman wajen 1172, lokacin da wani mai mulki ke tilasta musu barin addininsu, wani kuma ya tashi a cikinsu yana da'awar shi ne mai share fagen Almasihu, ya yi maganganu masu zafi a kan wulaƙancin da mutanensa suka sha a ƙarƙashin masu mulkin Musulmi. Ya san haɗarin rubuta hakan, duk da haka ya nemi a kwafi wasiƙar a karanta ta a kowace majami'a. Ya gargaɗe su da kada su bi mai da'awar, ya ce mutum ne mai taɓin hankali da ya kamata a tsare shi. Mutanen Yaman sun riƙe masa wannan alheri har suka sa sunansa a cikin addu'arsu ta yau da kullum.

A 1199 Sama'ila bin Tibbon, wanda ke fassara Dalalatul Ha'irin zuwa Ibrananci a kudancin Faransa, ya nemi izinin zuwa ya gan shi. Musa ya hana shi wahalar tafiyar, ya zayyana masa yadda ranarsa take. Da sassafe yakan hau dabba zuwa fadar Alƙahira ya duba sarki da iyalinsa da fadawa, ba ya dawowa Fustat sai bayan rana ta karkata. Yakan tarar da zaurensa cike da Yahudawa da Musulmi, manya da talakawa, suna jira. Ya roƙe su haƙuri ya ci ɗan abinci, wanda shi kaɗai ne cinsa a yini, sannan ya duba su har cikin dare, wani lokaci a kwance saboda gajiya. Ranar Asabar kaɗai jama'arsa ke samunsa: bayan ibadar safe su taru, ya tsara musu al'amuran mako, su yi karatu har tsakar rana, wasu su dawo da yamma.

Ya rasu a Fustat a watan Disamba 1204, kuma kabarin da ake ziyarta da sunansa yana Ɗabariyya, a bakin tafkin Galili. Ɗansa Ibrahim, wanda aka haifa a 1186, ya gaje shi a shugabanci yana ƙasa da shekara 20. Ibrahim ya shaƙu da hanyar Sufaye, ya yi ƙoƙarin shigo da wanke ƙafa kafin ibada, tsayuwa sahu-sahu da sujada cikin majami'a, yana cewa al'adun annabawan Isra'ila ne da aka manta, abin da ya haɗa shi faɗa da wasu manyan jama'arsa. Shugabancin Yahudawan Masar ya zauna a gidan har ƙarshen ƙarni na 14.