Peter Anich, manomin da ya zana taswirar duwatsun Tirol

An haifi Peter Anich ranar 22 ga Fabrairu 1723 a ƙauyen Oberperfuss, kusa da birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya ta yau. Ɗan manoma ne, ya taso yana kiwo da noma da sassaƙa, bai yi karatu mai zurfi ba. Sai da ya kai shekara 28, a 1751, ya soma takawa da ƙafa zuwa Innsbruck, yana ɗaukar darasin lissafi da ilimin taurari wurin wani limamin Kirista mai koyarwa a jami'a, Ignaz von Weinhart.

A 1760 gwamnati ta ɗora masa aikin auna yankin Tirol, ƙasar duwatsu masu ƙanƙara da kwaruruka, inda jama'a ke noma a ƙasa, su kai shanu kiwo kan tudu lokacin zafi. Da kayan awon da ya ƙera da hannunsa ya riƙa hawa tsaunuka yana auna nisa.

Babbar wahalarsa daga 'yan uwansa manoma ta fito. Sun ɗauka mai awon ƙasa ɗan leƙen asiri ne da zai jawo musu ƙarin haraji, har wasu suka hana shi masauki. A 1765 zazzaɓi ya kama shi a fadamun kogin Adige, a kudancin Tirol. Sarauniya Maria Theresa ta ba shi lambar zinariya da fansho, amma bai daɗe yana mora ba. Ya rasu ranar 1 ga Satumba 1766, yana da shekara 43.

Ɗan ƙauyensu Blasius Hueber, shi ma manomi, shi ya ƙarasa aikin. An buga taswirar a Biyana a 1774 da sunan Atlas Tyrolensis, cikin falle 20, ɗauke da sunayen wurare sama da 15,000: ƙauyuka, makiyayar kan tudu, dazuzzuka da mahaƙar ma'adinai. Ingancinta ya sa sojojin Faransa suka sake buga ta zamanin Napoleon.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba Tirol tsakanin Ostiriya da Italiya. Taswirar Anich ta nuna kwarurukan nan tun kafin iyaka ta ratsa su, kuma har yau masana na komawa gare ta don gano tsoffin sunayen wurare da inda ƙanƙara ta tsaya a wancan zamani.