Mano Dayak, Jagoran Hamada

A arewa da birnin Agadas, cikin duwatsun Abzin, akwai wani kwari da ake kira Tiden. A nan aka haifi Mano Dayak, wajen shekara ta 1949. Iyayensa Abzinawa ne makiyaya. Ba su da ɗakin ƙasa, sai bukkar tabarma, wadda ake kwancewa a aza wa raƙumi idan ciyawa ta ƙare. Tun yana ƙarami ya koyi abin da kowane ɗan makiyayi ke koyo: kiwon awaki, jan guga, gane sawun raƙumi, da sanin hanya ta duban taurari. Da dare kuma sai tatsuniya da waƙa a bakin wuta. A lokacin nan ba wanda ya zaci wata rana baƙi za su biya kuɗi don irin wannan sani.

Karatunsa

A zamanin nan Faransawa ke mulkin ƙasar Nijar. Makiyaya ba su son lakkol, don suna ganin yaron da ya shige ta ya ɓace wa iyayensa. Da Mano ya kai wajen shekara 10, aka kai shi makarantar ƴaƴan makiyaya ta Azel, kusa da Agadas, ba da son ransa ba. Amma da ya ɗanɗana karatu sai ya riƙe shi da hannu biyu. Ya ci gaba a Agadas, ya yi aiki a Yamai, sannan ya ƙetare teku zuwa Amurka, yana aiki yana karatu. Daga can ya koma Pari, babban birnin Faransa, ya karanci al'adun jama'a. A can ne ya yi aure. A can kuma ya ga yadda Turawa ke marmarin ganin hamada, su da ba su taɓa taka rairayinta ba.

Shekarun fari

Yana ƙasashen waje masifa ta auka wa ƙasarsu. Daga 1968 zuwa 1974 ruwan sama ya yi ƙaranci, abin ya fi muni a 1973. Rijiyoyi suka ƙafe, ciyawa ta ƙone. Shanu da tumaki suka mutu, har raƙumi, mai haƙuri da ƙishirwa, ya faɗi. Ayarin da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri da dabino ya ragu, don ba raƙuman tafiya. Masu garke ɗari suka wayi gari suna bin layin rabon hatsi a bakin garuruwa. Samari da yawa suka tafi Aljeriya da Libiya neman aiki. Waɗansu suka samu shiga ma'adinin yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971. Amma a farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, a 1984 kuma fari ya sake dawowa.

Cikin wannan hali Mano ya komo gida. Ba shi da ikon sa ruwa ya sauka, ba shi da ikon tada dabbar da ta mutu. Sai ya duba abin da fari bai kashe ba. Jagora bai manta hanya ba. Maƙeri bai manta ƙira ba. Mata ba su manta dukanci da waƙa ba. Ya fara da aikin ja-gora, yana kai baƙi cikin daji. Daga baya ya kafa kamfaninsa na yawon buɗe ido a Agadas, ya sa masa suna Temet, sunan waɗansu manyan tuddan rairayi da ke arewacin Abzin.

Sana'ar hannu da kiɗa

Baƙi sukan zo da sanyi, lokacin da rana ba ta da zafi ƙwarai. Kowace tafiya tana bukatar direba, da makanike, da mai dafa abinci, da jagora, da mai raƙumi. Mutum guda in ya samu aiki, gida guda ya ci abinci. Baƙon kuma ba ya komawa hannu banza, sai ya biya kasuwa.

A nan maƙeran Agadas suka samu sabuwar ƙofa. Da can masu garke suke yi wa ƙira, a biya su da akuya ko hatsi. Da garke ya ƙare, sai ciniki ya mutu. Yanzu ga masu saye sun zo daga nesa. Abin da baƙi suka fi so shi ne abin wuyan nan na azurfa mai kama da gicciye, wanda duniya ta sani da sunan Agadas. Ga yadda ake yin sa. Maƙeri yakan siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bar ƴar ƙofa. In ya sa a wuta, sai kakin ya narke ya zube, siffarsa ta zauna cikin yumɓun. Sai ya narka azurfa ya ɗura a ciki. Da ta huce sai ya fasa yumɓun, ya goge ta da magagari, ya yi mata zane da ɗan ƙarfe mai tsini. Tun da yake dole a fasa yumɓun, kowane ɗaya da nasa zubin.

Mata kuma suna ɗinka jakunkunan fata da alabe masu launi. Da dare a zango akan buga tende, wato turmin da aka rufe bakinsa da fatar akuya, mata na waƙa suna tafi, maza na kewaye su bisa raƙuma. Akan ji imzad, wata irin goge mai tsirkiya ɗaya wadda mata ke gogawa. Waɗannan abubuwa ba don baƙi aka ƙirƙiro su ba, kayan biki da suna ne tun kaka da kakanni. Amma a shekarun wahala sun sayo gero da shayi da sukari.

Tseren motoci da silima

A ƙarshen 1978 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya fara tseren motoci da babura daga Pari zuwa Dakar. Tun karon farko tseren ya biyo ta Agadas. Mano ya zama abokinsa, yana taimakonsa da sanin hanya da shirin zango. Ranar da tseren ya iso, garin kan cika. Masu masauki, da masu gyaran mota, da masu tuwo-tuwo, da yara ƴan kallo, kowa da rabonsa. Sabine ya mutu cikin haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali, ran 14 ga Janairu 1986, amma tseren ya ci gaba.

Masu shirya silima su ma suka nemi Mano. Ya taimaki Bernardo Bertolucci, mutumin Italiya, wajen ɗaukar wani sashe na fim ɗinsa a Nijar. Fim ɗin ya fito a 1990, mutane a ƙasashe da yawa suka ga ayarin raƙuma da gine-ginen ƙasa na hamada.

Su kuwa samarin da suka tafi Aljeriya da Libiya, sun komo da wani sabon abu, wato gita. Ana kiran su ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. Suna waƙar kewar gida, da ƙishirwa, da rashin aiki. Ba su da gidan rediyo, sai kaset da ke yawo daga hannu zuwa hannu. A Nijar wanda ya fi suna cikinsu shi ne Abdallah Umbadugu.

Tawaye da rasuwarsa

A watan Mayu 1990 rikici ya tashi a Cintabaraden, aka kashe mutane. Daga nan tawaye ya ɓarke a arewa. Mano ya rubuta littafi da Faransanci a 1992 kan wahalar Abzinawa, daga baya ya zama ɗaya daga cikin shugabannin ƴan tawaye. A kan wannan mutane suka rabu biyu. Waɗansu na ganin ya tsaya wa jama'arsa, waɗansu na ganin ɗaukar makami kuskure ne. Abin da kowa ya gani da idonsa shi ne, da bindiga ta yi ƙara, baƙi sun daina zuwa. Motocin yawo suka tsaya, maƙera suka zauna da kayansu ba mai taya wa. Abin da fari bai iya kashewa ba, yaƙi ya kusa kashe shi.

Ran 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai, amma ɓangaren Mano bai gamsu da ita ba tukuna. Ran 15 ga Disamba na wannan shekara ya shiga ƙaramin jirgin sama a Abzin, zai je Yamai tattaunawa da gwamnati. Jirgin ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa. Duk waɗanda ke ciki suka rasu.

Abin da ya bari

Bayan rasuwarsa aka buga littafin da ya rubuta na tarihin rayuwarsa. Maƙera suka ƙera wani sabon abin wuya na azurfa da sunansa. Aka sa wa filin jirgin saman Agadas sunansa. Ran 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi aka ƙone su a Agadas, don nuna yaƙi ya ƙare. Baƙi suka komo na ƴan shekaru, har wani tawaye ya sake korar su a 2007. Tseren motocin ma ya bar Afirka, ya koma Amurka ta Kudu a 2009.

Duk da haka ƙira da kiɗa ba su mutu ba. A kwarin nan na Tiden aka haifi Bombino a 1980, makaɗin gita wanda ya kai sunan Agadas ƙasashe masu nisa. Dukiyar da ke cikin kai da hannu ba ta mutuwa da ƙishirwa. Sai dai ita ma tana da nata ruwan sha, shi ne zaman lafiya.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Mano Dayak, kuma mece ce sana'ar iyayensa?
2. Me ya samu makiyaya a shekara ta 1973?
3. Ku faɗi yadda maƙeri ke zuba azurfa, daga farko har ƙarshe.
4. Don me baƙi suka daina zuwa Agadas bayan 1990?
5. Ku tambayi wani dattijo a gidanku yadda suka rayu a shekarun fari, ku rubuta abin da ya gaya muku.