LUWI FASTUR, ƊAN MAJEMI MAI CETON DABBOBI

Cikin mutanen da suka yi wa talakawan duniya aiki akwai wani Bafaranshe wai shi Luwi Fastur, wanda Turawa ke rubutawa Louis Pasteur. Mun ga ya kamata mu ba 'yan'uwa labarinsa, gama shi ma ɗan makarantar horon malamai ne kamarmu.

An haife shi ran 27 ga Disamba, 1822, a garin Dol, gabashin Faransa. Ubansa majemi ne. Yana yaro ba a ga wani hazikanci gare shi ba sai wajen zane, amma ya dage, har cikin 1843 ya shiga babbar makarantar horon malamai ta Faris. Da ya fita ya yi ta koyar da ilmin sinadarai, yana duba abubuwa da madubin nan mai ƙara girma, har ya tabbatar waɗansu ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani, su ke sa madara tsami, irinsu kuma ke kawo cuta. Cikin 1868 shanyewar jiki ta kama shi a gefen hagu, duk da haka bai bar aiki ba.

A zamanin nan ciwon saifa ya addabi makiyayan Faransa. Tunkiya ta kwana lafiya, gari ya waye ta mutu, jini baƙi ƙirin na fita ta hanci. Mai garke babba ya yi asara ya tashi, amma talaka mai tumaki biyar in sun tafi, jarinsa ke nan ya ƙare. Fastur ya binciki gonakin da aka binne mushe, ya tarar ƙwayar cutar na daɗewa cikin ƙasa shekara da shekaru, dabba ta ɗauke ta wajen kiwo.

Dabarar kuwa wajen kaji ya samo ta. Cikin 1879 aka yi wa waɗansu kaji allura da ƙwayoyin annobar kaji da suka daɗe a ajiye har ƙarfinsu ya ragu. Kajin suka ɗan yi laushi, suka warware. Da aka sāke yi musu da masu ƙarfi, ko gezau. Nan ya gane in jiki ya fara gamuwa da raunanan ƙwayoyi, ya kan koyi yaƙi da masu ƙarfi.

Wani likitan dabbobi da bai gaskata ba ya nemi a gwada a bainar jama'a. Aka tara tumaki 48 da awaki 2 da 'yan shanu a wata gona ta ƙauyen Puyi-la-For. Ran 5 da ran 17 ga Mayu, 1881, aka yi wa rabin tumakin da akuya ɗaya allurar rigakafi. Ran 31 ga wata aka sa wa duka cuta mai ƙarfi. Ran 2 ga Yuni jama'a suka taru, suka iske waɗanda aka yi wa rigakafi suna tsaye, sauran kuwa galibi sun mutu, ragowar suka bi su kafin dare.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Littattafan ajiyarsa, da aka buɗe shekaru da yawa bayan mutuwarsa, sun nuna maganin ran nan mataimakinsa Shambalan ya haɗa shi, bisa hanya mai kama da ta wani likitan dabbobi, Tusan, shi kuwa bai bayyana haka ba. Wannan aibi ne, ba mu ɓoye shi.

Cikin 1885 ya gwada rigakafin cizon mahaukacin kare ga wani yaro ɗan shekara 9, yaron ya rayu. Ya mutu ran 28 ga Satumba, 1895, yana da shekara 72.

To, 'yan'uwa, gidan binciken dabbobi na Vom, wanda aka kafa cikin 1924, bisa wannan tafarki ya ke yin rigakafin saifa. Mu da za mu fita koyarwa ƙauyuka, sai mu fahimtar da iyayen yara abu uku. Lafiyayyar dabba a ke yi wa rigakafi, tun cuta ba ta zo ba. Na saifa kowace shekara a ke sākewa. Wadda kuma ta faɗi farat ɗaya, kada a feɗe ta, kada a jeme fatarta, gama cutar na kama mutum, sai a ƙone ta ko a binne da zurfi.