Muhammadu Bello: Sarkin da ya adana hujjar abokan gardamarsa

An fi tuna Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da yaƙi da gina birane. Shi ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, shi ya kafa Sakkwato a 1809. Amma mafi yawan aikinsa na mulki da baki da alƙalami ya yi shi. Daular da ya gada ta miƙe daga Kabi har Adamawa, tafiyar watanni a kan doki, kuma babu abin da ke haɗa ta sai manzo da takarda. Wanda bai iya faɗar abin da yake nufi ba, ko bai iya jin abin da ake faɗa masa ba, ba zai riƙe irin wannan ƙasa shekara 20 ba.

An haife shi a 1781, ya yi karatu a gaban mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da baffansa Abdullahi. Yana yaro Shehu ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma da alama ɗan ya sa ido sosai a kan yadda uban ke fuskantar jama'a. A littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, ya bayyana cewa Shehu kan ɗan tsaya a tsakar gida kafin ya fita, ya sabunta niyyarsa. Idan ya fito sai ya saki fuska, ya yi sallama da muryar da kowa zai ji, ya yi bayani da harshen waɗanda ke gabansa. In wani ya jefo tambaya a tsakiyar magana, yakan dakata ya amsa, ba ya ƙosawa ko da mai tambayar bai iya ladabi ba. Malamai da yawa sun rubuta abin da Shehu ya koyar, shi kuwa Bello ya ga yadda ake koyarwar ma abin rubutawa ne.

Bai wuce shekara 25 ba aka jarraba shi. Shehu ya tura shi Birnin Gada a ƙasar Zamfara ya gana da jagororin jama'a na gabas, mutanen Katsina da Kano da Daura, waɗanda wasunsu sun girme shi nesa. Ya isar musu da gaisuwar Shehu da gargaɗinsa a kan hassada da rarrabuwar kai da son duniya, ya karɓi mubaya'arsu a madadinsa. Aikin ɗan aike ne, kuma ya yi shi ba tare da ya ɗora kansa a kan saƙon ba.

A wannan zamanin ne, wajajen 1806, ya gamu da inda magana ta ƙi ci. 'Yandoto, a ƙasar Tsafe ta yau, tsohuwar cibiyar ilimi ce da malamanta suka ƙi bin Shehu. Bello ya sauka kusa da garin, ya aika Muhammadu ɗan Ashafa, wanda zuriyarsa ke sarautar Gusau, da tayin a zauna a baje littattafai. Sharaɗin shi ne in gaskiya tana wajensu zai bar abin da ya fito yi, in tana wajensa su bi. Suka mayar da amsa cewa ba su son magana da shi, ba su ma son ganinsa. Aka yi yaƙi, garin ya faɗi.

Labarin nan daga bakin Bello kaɗai ya zo, kuma mai adalci zai lura da abu guda: gayyatar muƙabala da runduna a bakin ganuwa ba lalle ba ne a ji ta a matsayin gayyata. Duk ma'aikacin da maigidansa ya taɓa kira ya faɗi ra'ayinsa alhali takardar tuhuma na ajiye a kan tebur ya san wannan. Su ma malaman 'Yandoto, da suka rufe ƙofar zance, sun bar tarihi ba tare da an ji hujjarsu ba.

Wataƙila wannan ya sa abin da ya yi da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya fi ɗaukar hankali. Al-Kanemi ya rubuto wasiƙu masu zafi yana tambayar dalilin yaƙar Barno, ƙasar da ta daɗe da Musulunci. Ya kafa hujja da cewa saɓo ba kafirci ba ne, ya kuma zargi mayaƙan jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa masa gaɓa-gaɓa. A kan batun littattafai bai musanta cewa abin ya faru ba. Ya ba da labarin yadda ya ga takardu iska na kwasa a wani gari da suka ci, wanda masana ke ganin 'Yandoto ne, ya yi ta tsincewa da hannunsa har ya gaji, sannan ya tara mutane ya tsawata, aka ce masa rigimar ganima ce ta jawo. Da ya zo rubuta tarihin jihadin kuwa, sai ya kwafe wasiƙun al-Kanemi ya sa a cikin Infaƙul Maisuri tare da amsoshinsu. Har yau akwai masu karantawa su ga kamar hujjar Barno ta fi ƙarfi a wasu wurare, kuma daga littafin Bello suke karanta ta. Ba kowane shugaba ke yarda rahoton da ya soke shi ya shiga fayil ba, balle ya kwafe shi da kansa.

Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, aka naɗa Bello, matsaloli biyu suka taso masa lokaci guda. Ta farko ta Malam Abdussalami ce, Ba'are, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu na farko, wanda ke zaune a Kware. Yana ganin an raba ƙasa an mance da wahalar da ya sha, har ya aiko da zane yana nuna rabon kowa, yana tambayar ina nasa. Bello bai fara da takobi ba. Wasiƙu sun yi ta kai da komo, yana lallashi yana kafa hujja, kuma ya tattara su a littafinsa Sardul Kalami, har da ƙorafin Abdussalami. Sulhu bai yiwu ba. An ci Kware a farkon 1818, Abdussalami ya tsere da rauni ya rasu a Bakura. Wasiƙa mai kyau ba ta maye gurbin rabon da mutum ke ganin an hana shi, kuma ƙorafin ya riga ya yi shekaru yana ruruwa kafin a tsaya a saurare shi.

Ta biyu ta cikin gida ce, ta kuma fi ciwo. Abdullahi, ƙanen Shehu kuma malamin Bello, yana da dalilin ganin shi ya cancanci gado. A ruwayar da ta shahara, ya iso Sakkwato ya tarar an riga an yi naɗi, an rufe ƙofa, ya juya. Shekaru suka shuɗe tsakaninsu babu armashi. Sai wajajen 1820, da ragowar mutanen Abdussalami suka yi ƙarfi a Kalambaina kusa da Gwandu suka gagari Abdullahi, Bello ya taso da runduna ya kawo ɗauki. Bayan nasara suka haɗu a kan dawakai. Bello ya yi haramar sauka ya gaida baffansa kamar yadda ɗa ke yi, Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, ya gaishe shi a matsayin Amirul Muminina. Mutum biyu da suka rubuta littattafai masu ɗimbin yawa, ga shi abin da ya raba su ya ƙare ba da doguwar muhawara ba. Kowanne ya ba ɗan'uwansa girman da yake tsoron an hana shi, a gaban jama'a.

Rubuce-rubucensa ga sarakuna ma ba iri ɗaya ba ne, kowa da abin da ya dace da shi. Sarkin Bauchi Yaƙubu ya aiko da tambayoyi, ya amsa masa su a Al-Ƙaulul Mauhubu. Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya nemi nasiha a kan mulki, ya rubuta masa Usulus Siyasa, gajeren littafi mai ginshiƙai 7 da mai aiki da yawa zai iya riƙewa a ka. A ciki ya haɗa tsoron Allah da sauƙin hali da zama da masu faɗa wa sarki gaskiya, sannan ya sauko kan abin da ɗan kasuwa zai gane nan take: a kula da manoma da maƙera da marina da maɗinka da mahauta, a gyara kasuwanni da hanyoyi.

Baturen Birtaniya Kyaftin Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, ya tarar da mai masauki mai yawan tambaya, har a kan ƙungiyoyin Kiristoci na dā, abin da shi baƙon ya rasa amsarsa. Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarki Joji na Huɗu. Zuwansa na biyu bai yi daɗi ba. Ya taho da saƙo da kyautar makamai zuwa Barno alhali ana yaƙi da ita, Bello ya hana su wucewa. Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827 yana jin haushin haka.

Akwai kuma waɗanda Larabcinsa ba ya kaiwa gare su, kuma ya san da haka. Da ya rubuta Kitabun Nasiha a kan salihan mata, ƙanwarsa Nana Asma'u ce ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, jajinta suka kai shi ƙauyuka. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima, amininsa kuma wazirinsa, shi ke yawo tsakanin Sakkwato da masarautun gabas, yana kai magana yana kawo amsa.

Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, aka rufe shi a can, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Ba da jimawa ba Asma'u ta tsara waƙar Fulatanci a kan halayensa, mai suna Gikku Bello.