William Jennings Bryan: ministan da ya aje kujera don kada ya sa hannu

Jama'a, a filinmu na tarihi na wannan mako mun leƙa Amurka, inda za mu duba rayuwar wani ɗan siyasa da ya zaɓi ya rasa muƙami da ya sa hannu a kan takardar da zuciyarsa ba ta yarda da ita ba.

An haifi William Jennings Bryan a 1860 a jihar Illinois. Lauya ne mai baiwar iya magana. Sau uku yana takarar shugabancin ƙasa, a 1896 da 1900 da 1908, sau uku yana shan kaye. A 1913 shugaba Woodrow Wilson ya naɗa shi ministan harkokin waje.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Amurka ta ce ita ƴar ba-ruwanmu ce. Ingila ta toshe hanyoyin teku don kada kaya su isa Jamus, har da abinci. Ita kuwa Jamus ta saki jiragenta masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Ranar 7 ga Mayun 1915, ɗaya daga cikinsu ya harbi Lusitania, jirgin fasinja na Ingila, kusa da gaɓar Ailan. Cikin minti 18 ya nutse. Mutane kusan 1,200 suka mutu, 128 daga ciki Amurkawa ne.

Bryan ya sa hannu a kan wasiƙar gargaɗi ta farko zuwa ga Jamus. Amma fa ya yi ta jan hankalin Wilson cewa jirgin yana ɗauke da harsasai, ya kamata a gargaɗi Amurkawa su daina shiga jiragen ƙasashen da ke yaƙi, kuma a tsawata wa Ingila ita ma. Wato a auna kowa da tiya ɗaya. Wilson bai yarda ba, don a ganinsa kame kaya daban, kashe rayuka daban.

Da aka shirya wasiƙa ta biyu, Bryan ya ga hanyar yaƙi ce aka kama. To, sai ya yi murabus a watan Yunin 1915, jaridu da dama suka yi masa ca.

Jamus ta sassauta na ɗan lokaci, sannan a Fabrairun 1917 ta koma nutsar da jirage ba tare da gargaɗi ba. Ranar 6 ga Afrilu Amurka ta shiga yaƙin. Abin da Bryan ya guda ya faru, amma duk da haka ya mara wa ƙasarsa baya.

Ya rasu a Yulin 1925 a garin Dayton, jihar Tennessee. Mu dai tambayar da ya bar mana ita ce: mai cewa ba ruwansa da faɗa, zai iya tsawata wa gefe ɗaya kaɗai? Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.